Yunwar Iska a Ƙwayoyin Jiki da Sinadaran da ke Tona Ta a Hoton Maganaɗisu

1.0 Gabatarwa

Ɗan Adam yakan yi makonni bai ci abinci ba ya rayu, yakan kuma jure ƙishirwa ta 'yan kwanaki, amma idan aka hana ƙwaƙwalwarsa iskar oksijin, cikin mintoci kaɗan ƙwayoyinta za su fara mutuwa. Wannan sananne ne ga duk wanda ya taɓa ganin an tsamo mutum daga rijiya ko kududdufi. Abin da ba a cika sani ba shi ne, mutum yana iya yin numfashi lafiya lau, yana tafiya yana magana, alhali wani lungu na jikinsa yana fama da ƙarancin wannan iska. Likitoci suna kiran wannan hali haifoksiya. A wannan babi za a kira shi yunwar iska, domin abin da ke faruwa ke nan: ƙwayoyin halitta suna bukatar oksijin don su ƙona abinci su sami ƙarfi, sai abin da ke isa gare su ya gaza.

Babin zai bayyana yadda wannan yunwa ke aukuwa, tare da misali daga abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, sannan ya yi bayanin na'urar hoton maganaɗisu da aka fi sani da MRI, da sinadaran da masana ke ƙerawa domin su sa ta nuna wuraren da iska ta yi ƙaranci a cikin jiki.

2.0 Tafiyar Iska Daga Huhu Zuwa Ƙwayar Halitta

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa oksijin ce. Idan ta shiga huhu sai ta ratsa zuwa jini, inda wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, yake ɗaukar ta. A cikin kowane ƙwayar himogulobin akwai gurabe huɗu da ake kira him, kowanne da ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakiyarsa, kuma a jikin wannan ƙarfe ne oksijin ke maƙalewa. Zuciya ta tura jinin ta manyan jijiyoyi zuwa ƙanana, har ya kai waɗanda suka fi gashin kai siranta. Daga nan oksijin takan sauka ta ratsa nama da kanta, ba tare da wani ya ɗauke ta ba. Sai dai wannan ratsawa ba ta da nisa: ba ta cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, wato kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. Duk ƙwayar halittar da ta fi haka nisa daga jijiya, to tana cikin halin ƙauyen da ya yi nesa da hanyar fatake. Kafin kaya su iso gare shi waɗanda ke bakin hanya sun saye.

Ana iya samun cikas a kowane zango na wannan tafiya. Wani lokaci huhu ne ke kasa tura iska cikin jini, kamar a ciwon namoniya. Wani lokaci masu dakon ne ke yin kaɗan ko su lalace, kamar a ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro ko amosanin jini ke haddasawa, ko kuma idan hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki ya mamaye guraben himogulobin. Wani lokaci hanya ce ke toshewa, kamar a shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma inda iska takan iso amma ƙwayar halitta ta kasa amfani da ita saboda guba, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi sosai ba.

3.0 Gubar Dalma a Anka da Bukkuyum

A watan Maris na shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta duniya mai suna MSF, waɗanda ke zagayen bibiyar cutar sanƙarau a Zamfara, suka sami labarin ƙananan yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai dogon suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, mutuwa ba ta tsaya ba. Da aka gwada jini sai aka gano gubar dalma ce.

Asalin abin daga neman zinariya ne. Farashinta ya tashi a kasuwar duniya a waɗancan shekaru, mutane suka duƙufa haƙar duwatsu, suna kawo su cikin gida a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Duwatsun kuwa suna ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta bi ƙasa da bango da kwanukan abinci, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. Ƙauyukan da abin ya fi shafa da farko sun haɗa da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a Ƙaramar Hukumar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gudanar tare da jami'an Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. An ƙiyasta cewa yaran da suka rasu a annobar gaba ɗaya sun kai 400.

Dalma tana cutar da jiki ta fuskoki da dama, kuma wajibi ne a bambanta su. Abin da ya kashe yawancin yaran shi ne illar da take yi wa ƙwaƙwalwa kai tsaye, inda takan sa ta kumbura. Amma tana da wata ɓarnar ta ɓoye da ta shafi wannan darasi: tana gurgunta inzayim biyu daga cikin waɗanda ke haɗa him, ɗaya a farkon aikin, ɗaya a ƙarshensa, wanda shi ne ke dasa ƙarfe a gurbinsa. Tana kuma rage tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda a ƙa'ida sukan yi kwana 120. Sakamakon haka jini ya yi ƙaranci, masu dakon iska su ragu. Idan aka haɗa wannan da kumburin ƙwaƙwalwa, wanda ke matse jijiyoyi, da doguwar jijjiga, wadda ke hana numfashi daidai a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi bukatar iska, sai a ga cewa yunwar iska ta ƙara wa guba ƙarfi.

4.0 Dalilin Neman Ganin Wurin da Ido

Akwai ƙaramar na'ura da ake maƙala wa a yatsa, wadda wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ya ƙirƙiro dabararta a farkon shekarun 1970. Tana haska yatsa ta faɗi kashi nawa cikin ɗari na himogulobin ke ɗauke da oksijin. Tana da amfani ƙwarai, amma tana da iyaka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa takan kasa gano ƙarancin iska ga baƙar fata kusan ninki uku na yadda take kasawa ga farar fata. Bugu da ƙari, labarin jini take bayarwa, ba labarin nama ba. Mai ƙarancin jini zai iya samun sakamako mai kyau, domin 'yan dakon da suka rage duk sun ɗauki kaya, alhali kayan ba su isa ba. Haka nan ba za ta iya cewa ga lungun da ke cikin yunwa ba.

Inda wannan tambaya ta "ina ne?" ta fi tsanani shi ne a ciwon daji. Ƙarin daji yana girma da gaggawa, jijiyoyin da yake tsirarwa kuma karkatattu ne masu yoyo. A 1955 wasu masana biyu a Ingila, Thomlinson da Gray, suka duba yankakken naman dajin huhu, suka lura cewa ƙwayoyin da ke kusa da jijiya rayayyu ne, na can nesa matattu, a tsakani kuma akwai wasu da ba su mutu ba amma suna rayuwa da ɗan abin da ya rage na iska. Waɗannan na tsakiya su ne matsala. Maganin gashi da haske mai ratsa jiki, irin wanda aka kafa sassansa a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya, yana dogara ne da oksijin wajen tabbatar da ɓarnar da yake yi wa ƙwayar daji. Ƙwayar da ba ta da iska tana bukatar kusan ninki uku na hasken kafin ta mutu. Magungunan da ake ɗurawa ta jijiya su ma ba sa isa gare ta sosai. Kuma yunwar tana sa ta canza hali: takan kunna wani makunni mai suna HIF, wanda ke sa ta nemi sababbin jijiyoyi, ta kuma fi saurin yaɗuwa. Gano yadda wannan makunni ke aiki ne ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Ashe ke nan likitan da ya san inda yunwar take zai iya ƙara haske a wurin, ko ya sauya magani. Tsohuwar hanyar sani ita ce soka siririyar allura mai auna iska cikin ƙari, a bi wuri-wuri. Tana ba da adadi na gaskiya, amma tana da zafi, kuma ba ta isa ga abin da ke can cikin ƙwaƙwalwa ko ciki.

5.0 Yadda Hoton Maganaɗisu ke Samuwa

Mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta, daga nan ya san ko ta gasu ko tana da tsaga, ba tare da ya fasa ta ba. Aikin MRI ya yi kama da wannan. Kusan kashi 60 cikin ɗari na jikin baligi ruwa ne, kowane ƙwayar ruwa kuma yana da haidirojin biyu. Cibiyar haidirojin, wadda ake kira furoton, tana da ɗabi'ar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan aka shigar da mutum cikin na'urar, wadda ƙarfin maganaɗisunta yawanci tesla 1.5 ne ko 3, wato ninkin na ƙasa sau dubbai goma-goma, sai waɗannan furoton su karkata ga bin layinsa suna juyawa kamar mazarin kaɗi. A tesla 1.5 suna juyawa kusan sau miliyan 64 a daƙiƙa, wanda bai yi nisa da zangon rediyon FM ba. Sai na'urar ta aika musu igiyar rediyo daidai da wannan zango, su kauce daga layi. Da an ɗauke igiyar sai su fara komawa, suna fitar da amo wanda na'ura ke saurare. Kitse da tsoka da jini da ƙari kowanne da irin saurin komawarsa, kuma daga wannan bambanci kwamfuta ke zana hoto.

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka gano asalin wannan ɗabi'a a 1946. Paul Lauterbur ya nuna yadda za a mai da ita hoto a 1973, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham ya samar da hanyar hanzarta ta, su biyun kuma suka raba kyautar Nobel a 2003. Na'urar ba ta amfani da haske mai ratsa jiki irin na hoton ƙashi, haɗarinta yana ga ƙarfe ne, domin takan fizgi makulli ko almakashi daga hannun mutum.

Abin lura a nan shi ne, ruwa take saurare, ba oksijin ba. Don haka duk mai son ta ba da labarin iska, sai ya nemo wani ɗan aike da zai shiga jiki ya sauya amon ruwa gwargwadon iskar da ya tarar.

6.0 'Yan Aiken

6.1 Jini da Kansa

Ɗan aike na farko yana cikin jiki tun asali. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa himogulobin da ya sauke oksijin yana amsa kiran maganaɗisu, wanda ke ɗauke da ita kuwa ba ya amsawa. A 1990 Seiji Ogawa ya nuna cewa wannan bambanci yana fitowa a hoton MRI: jijiyar da jininta ya sauke iska takan yi duhu. Wannan hanya, da ake kira BOLD, ita ce ginshiƙin hotunan da ke nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki yayin magana ko karatu. Sai dai har yanzu labarin cikin jijiya ne, kuma yawan jini da saurin gudunsa suna rikita lissafi.

6.2 Gadoliniyam da Awartakinsa

Sinadarin fayyace hoto da aka fi ɗurawa marasa lafiya an gina shi ne a kan wani ƙarfe mai suna gadoliniyam, kuma an fara amfani da shi a asibitoci a 1988. Yana da ilaktaron bakwai marasa abokan zama, abin da ya ba shi ƙarfin maganaɗisu mai yawa. Ba shi ake gani a hoto ba. Ruwan da ya kusance shi ne ke saurin komawa layi, sai wurin ya yi haske.

Amma gadoliniyam tsurarsa guba ne. Don haka ake ɗaure shi cikin wani sinadari mai yatsu da yawa da ke riƙe shi ta kowace fuska, kamar yadda maƙeri ke riƙe jan ƙarfe da awartaki, har ƙoda ta fitar da su tare cikin fitsari. Sunan da masana suka ba irin wannan riƙo ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin ƙafar ƙaguwa mai damƙa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Anka, domin ita ce aka yi amfani da ita wajen ceton yaran da dalma ta kama. Maganin DMSA da aka riƙa ba su ta baki awartaki ne wanda ke shiga jini babu komai a bakinsa, ya damƙo dalma, ya fita da ita ta fitsari. Bambancin kawai shi ne, a wajen hoto awartakin yana shiga ne riƙe da ƙarfensa, kuma ana fatan kada ya sake shi. Wani lokaci yakan saki. A 2006 aka gano cewa wasu masu tsananin ciwon ƙoda da aka ɗura wa irin waɗannan sinadarai sun kamu da wata cuta mai sandarar da fata da gaɓoɓi, shi ya sa ake duba lafiyar ƙoda kafin a ɗura, aka kuma fi karkata ga awartakai masu siffar zobe, waɗanda suka fi riƙo.

Gadoliniyam na yau da kullum yana nuna inda jini ke zuwa da inda jijiya ke yoyo. Bai san komai game da iska ba, sai an haɗa shi da wani abu da ya sani.

6.3 Tarkon Naitiro'imidazol

Da wuya a sami kantin magani a ƙasar Hausa da babu Flagyl, maganin atuni da wasu cututtukan ciki. Yana cikin dangin sinadarai da ake kira naitiro'imidazol, kuma sirrin aikinsa shi ne ba ya zama guba sai a cikin ƙwayoyin cutar da ke rayuwa inda babu iska. Wannan ɗabi'a ce masana suka ara.

Wani ɗan uwansa na kusa yana shiga kowace ƙwayar halitta. A ciki, inzayim sukan ɗora masa ilaktaron ɗaya. Idan akwai oksijin, nan take sai ta ƙwace wannan ilaktaron, sinadarin ya koma yadda yake, ya fice abinsa. Idan babu, sai a ci gaba da ɗora masa wasu, har ya rikiɗe ya zama abu mai danƙo da ke manne wa furotin na cikin ƙwayar, ya kasa fita. Bayan ɗan lokaci jini zai wanke shi daga ko'ina, sai wuraren yunwa kaɗai za a tarar da shi. Wani abin sha'awa shi ne ba ya taruwa a matacciyar ƙwaya, tunda inzayim ɗinta sun daina aiki. Wato yana nuna ainihin waɗancan na tsakiya da Thomlinson da Gray suka yi magana a kansu.

An daɗe ana amfani da wannan tarko a wata na'urar hoto dabam mai suna PET, inda ake liƙa masa fulorin mai fitar da haske, a kira shi FMISO. Amma wannan fulorin rabinsa yakan lalace cikin ƙasa da awa biyu, dole a sami injin ƙera shi a kusa, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Shi ya sa aka yi tunanin ɗaura tarkon a jikin awartakin gadoliniyam. Ɗaya daga cikin irin waɗannan, mai suna GdDO3NI, an gwada shi a ɓeraye masu ƙarin daji a birnin Dalas na Amurka, aka wallafa sakamakon a 2014: ya fi daɗewa a tsakiyar ƙari, inda iska ta yi ƙaranci, fiye da gadoliniyam maras tarko.

Matsalolin ba ƙanana ba ne. MRI ba ta da kaifin ji irin na PET, tana bukatar sinadari ya taru da yawa ninki dubbai kafin ta lura da shi. Awartakin kuma ƙato ne mai son ruwa, bangon ƙwayar halitta kuwa na maiƙo ne, shigarsa da wuya. Sannan ga wani kulli: wurin da ya fi kowane yunwar iska shi ne wanda jini bai cika isa ba, jinin nan kuwa shi ne abin hawan ɗan aike. Idan wuri bai yi haske ba, ko dai yana da iska, ko kuwa saƙo ne bai kai ba.

6.4 Darasi Daga Marina

Duk wanda ya tsaya a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga wani abu da zai taimaka a nan. Idan marini ya tsamo zane daga ramin baba, launinsa kore-kore ne mai ɗan rawaya. Sai ya sha iska sannan ya juya shuɗi a gaban idon mai kallo. A cikin rami, inda ruɓewa ta cinye iska, baba yana riƙe da ƙarin ilaktaron. A waje oksijin ta karɓe su, launi ya sauya. Zanen da kansa ya zama ma'aunin iska.

Akwai wani ƙarfe maƙwabcin gadoliniyam mai suna yurofiyam da ke yin irin wannan a cikin MRI. A wani yanayinsa yana da ilaktaron bakwai marasa abokan zama, daidai da gadoliniyam, don haka yana haska ruwa. Da zarar ya haɗu da oksijin sai ta karɓe ɗaya, haskensa ya mutu. Masana a Jami'ar Wayne State da ke Detroit, ƙarƙashin Matthew Allen, sun nuna a jikin ɓeraye cewa yakan ci gaba da haske a cikin ƙari maras iska, ya dushe da sauri a lafiyayyen nama. Rauninsa daga ƙarfinsa yake: idan aka ɗura shi ta jijiya, iskar da ke cikin jini za ta kashe shi tun kafin ya isa, don haka a yawancin gwaje-gwaje cikin ƙarin ake soka shi kai tsaye. Ƙoƙarin masu binciken ya karkata ga ƙera masa awartakin da zai kare shi a hanya.

6.5 Fulorin da Iska Zalla

Wasu ruwaye masu yawan fulorin suna shan oksijin sosai, kuma saurin komawar fulorin ɗinsu yana tafiya daidai da yawan iskar da suka sha. Tunda jiki ba shi da fulorin da na'ura ke ji, duk amon da aka samu na ɗan aike ne, kuma ana samun adadi, ba haske da duhu kawai ba. Sai dai suna bukatar allura da ƙarin kayan aiki a jikin na'ura.

Hanya mafi sauƙi kuwa ba ta bukatar allura. Oksijin da kanta tana da ɗan maganaɗisu. Sai a ɗauki hoto maras lafiya yana shaƙar iskar ɗaki, a sake ɗauka yana shaƙar oksijin zalla. Naman da ya ƙoshi zai bar rarar ta narke a ruwansa, amo ya sauya. Mai yunwa kuwa himogulobin ɗinsa zai lanƙwame ta, ba za a ga sauyi ba. An gwada wannan a kan masu dajin huhu da na wuya a Manchester ta Ingila, kuma a cikin hanyoyin nan ita ce ta fi kusa da gadon asibiti. Tarkon gadoliniyam da yurofiyam kuwa ba a amince a yi amfani da su ga marasa lafiya a aikin yau da kullum ba tukuna.

7.0 Tsakanin Ɗakin Bincike da Ajin Makaranta

A ƙasar nan na'urar MRI tana manyan asibitoci ne da cibiyoyin kuɗi a birane, tana son wutar lantarki marar yankewa, manyan cikinsu kuma suna son ruwan hiliyam mai tsananin sanyi. An fara ƙera ƙanana masu taya, masu ƙarfin tesla 0.064, waɗanda aka amince da su a Amurka a 2020, har an yi amfani da su wajen duba ƙwaƙwalwar yara a birnin Blantyre na Malawi. Amma gwargwadon raunin maganaɗisu, gwargwadon raunin amo, kuma ganin yunwar iska yana cikin ayyukan da suka fi son amo mai ƙarfi.

Ba da MRI aka shawo kan annobar Zamfara ba. Ɗigon jini ne daga yatsa ko jijiya, da wata 'yar na'urar hannu wadda iyakar awonta maikirogiram 65 ne a desilita, kuma jinin yara da yawa ya zarce abin da take iya karantawa. Wanda ya kai 45 ana sa shi a layin magani. Sai kuma aikin shebur da baro: aka kankare ƙasar saman gidaje aka binne ta a ramuka, aka zubo sabuwa, domin ba amfanin wanke jinin yaro a mai da shi cikin ƙurar da ta cutar da shi. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ba a share ta ba sai a 2013, bayan jinkirin sakin kuɗi daga Gwamnatin Tarayya. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha a 2022.

Duk da haka, MRI ta ba da shaida a kan abin da dalma ke bari a baya. A birnin Cincinnati na Amurka an bi wasu yara tun daga haihuwa ana auna dalmar jininsu, da suka girma aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa waɗanda suka fi shan dalma a ƙuruciya sun fi samun raguwar nama a sashen goshi, wanda ke kula da tsara tunani da kame kai. Dalmar jinin waɗancan yara kuwa ba ta kusa da ta yaran Dareta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Yaran da suke goye a 2010 sun riga sun zama samari da 'yan mata, wasu da makanta ko kurumta ko shanyewar gaɓa, wasu kuma da raunin da ba ya bayyana sai a gaban allo. Ƙannensu suna nan a azuzuwan firamare na Anka da Gummi da Bukkuyum, kuma haƙar zinariya ba ta ƙare a yankin ba. Malamin da aka tura irin waɗannan makarantu zai gamu da ɗalibi mai saurin gajiya da haki, mai yawan ciwon kai ko ciwon ciki, wanda tafin hannunsa da cikin fatar idonsa suka yi fari, wanda ake koya masa abu yau ya manta gobe. Bulala ba ta ƙara himogulobin. Abin da ya kamata shi ne a tambayi iyaye cikin ladabi ko ana niƙa ko wanke dutse a gida, ko mahaifi yana shigowa da kayan aikinsa ba tare da ya canza ba, ko ana sa wa jariri tozalin dutse, wanda sau da yawa shi kansa ma'adinin dalma ne, sannan a ba da shawarar zuwa asibiti a gwada yawan jini da dalmar da ke cikinsa. Yaron da jikinsa ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe hanjinsa ya fi saurin tsotse dalma, haka ma wanda ya wuni da yunwa, don haka a irin waɗannan ƙauyuka tambayar ko ɗalibi ya karya kumallo, da ko ya wanke hannu kafin ya ci, tana cikin tambayoyin da likita ma zai yi.